Igiyar da Ta Ƙi Tsinkewa

Inna Mai Jaka ba jaka take ɗinkawa ba, sunan ne kawai ya bi ta har ya zauna. Sana'arta hannun jaka ce da igiyar ratayawa, kuma a nan kam ba a ja da ita. Mace za ta sayo jakarta mai ƙyalli a kanti, ta kwana biyu tana yanga da ita, ran nan a tsakiyar titi hannun ya ce ga garinku nan, hoda da makullai su watse a kwalta. Daga nan sai ɗakin Inna. Ita kuwa za ta karɓi jakar ta jujjuya, ta ja tsaki, ta ce, “Wannan ai da miyau suka liƙa shi.”

Ɗakin nata shi ne na bakin titi, mai taga ɗaya. Keken ɗinki na takawa yana ƙarƙashin tagar, dutsen guga a gefensa, gwangwanayen madara cike da zobban ƙarfe a jere kan wani katako tare da zarurruka kala-kala. Bayan ƙofa kuma tarin tsofaffin bel ne na kujerar mota, waɗanda take samowa wurin masu fasa motoci, ta wanke su tas ta shanya. Takan yanka yadi mai kauri, ta ninko gefe da gefe zuwa tsakiya, ta danne da guga, ta shimfiɗa bel a ciki, ta sake ninkewa, sannan ta bi baki ɗaya da ɗinki ta dawo ta ɗayan. Inda igiya ta zagaye zobe kuwa, wurin da duk nauyin jaka yake taruwa, sai ta ɗinka ɗan akwati mai kusurwa huɗu, ta gitta layi biyu a cikinsa, ta maimaita. Wannan shi take kira kulle. Aikin da ba a kulle ba, a wurin Inna ba a gama shi ba.

Ba ta awo da tef. Sai dai mai jaka ta miƙe tsaye, Inna ta ɗora mata wani tsohon zare mai kauri a kafaɗa, ta gitto shi ta ƙirji zuwa ƙugu, ta ƙulla alama. Cewa take yi tef bai san mai doro ba, bai san mai tumbi ba.

Duk cikin igiyoyin da ta ɗinka a rayuwarta, guda ɗaya ce take nadamar ingancinta, ita ce ta jakar Auta.

Auta ita ce ƙaramar 'yarta, kuma ita kaɗai ce cikin yaran ta tashi a gindin keke. Tun tana tsayawa kan kujera kafin ta kai tebur take danne ninki da guga. Inna ta riga ta gama shiri a ranta cewa keken nan na Auta ne, ɗakin ma nata ne. Sai yarinya ta gama karatu, ta samu aiki a ɗakin magani na wani asibiti, a gari mai nisa da sai an wuni a mota. Inna ta ce ba inda za ta. Auta ta ce za ta. Aka yi ta ja, har ran nan bakin Auta ya suɓuce.

“Inna, ni fa ba zan tsufa a kan keke ina ɗinka wa mutane hannun jaka ba.”

Maganar ta soki Inna inda ba ta zata ba. Ta koma ɗakinta ta ɗinka jaka sukutum, ita ce cikakkiyar jaka ta farko da ta taɓa yi, ruwan ƙasa, mai aljihu ciki da waje. Ta sa wa igiyar bel biyu maimakon ɗaya, ta kulle kowane zobe har sai da allura ta karye. Fushi take yi, amma hannunta bai san da zancen ba, shi 'yarsa yake yi wa aiki. Da safen tafiyar ta auna Auta ba tare da ta dubi fuskarta ba, ta ƙarasa, ta rataya mata.

“Ga ta nan. Tunda aikin nawa ya yi miki ƙanƙanta, kada in ga ƙafarki a ƙofar nan sai ranar da igiyar nan ta tsinke kika rasa mai gyara miki.”

Auta ta dube ta, idonta ya kawo ruwa, ta ce, “To, Inna.”

Wannan “to” ɗin ita ta lalata komai. Da kuka ta yi, ko ta yi gardama, da kafin mota ta tashi an shirya. Amma taurin kai a nono ta sha shi, kuma kowa ya san nonon wa.

Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, ta kuma. Auta ba ta yanke zumunci ba. Tana aiko saƙo, tana kiran babanta su daɗe suna hira da dariya, sannan ya miƙa wa Inna wayar. Za ka ce to me ya hana Inna ta ce mata “dawo” kawai a huta? Ai ba ka san Inna ba ne. Kalmar takan taso tun daga cikinta, ta iso maƙogwaro, sai ta fito da wata kama daban.

“Ya aikin?”

“Lafiya lau, Inna.”

“Jakar fa?”

Auta takan ce, “Tana nan, Inna. Ko zare ɗaya bai motsa ba.”

“To madalla,” in ji Inna, ta miƙa wayar, ta koma ta zauna tana kallon titi ta taga.

Kewar yarinyar ta hana ta sakat. In ta ɗora dutsen guga sai ta waiga ta ce a danne mata nan, ta ga ba kowa. In budurwa mai tsayin Auta ta kawo gyara, Inna takan daɗe tana awonta fiye da yadda ya kamata, har yarinya ta fara mutsu-mutsu. Ita da take zagin masu aikin banza, sai ga ta tana kwana da fatan a ce ita ma ta taɓa yin aikin banza sau ɗaya. Takan zauna ta lissafa abubuwan da ke cin igiya: rana, ruwan sama, gumi, cunkoson mota, ɓera. Duk ta san ba abin da za su iya da bel biyu.

Ana haka idanunta suka fara yana. Da farko ramin allura ne ya ɓace mata, daga baya fuskokin masu wucewa ta taga suka zama inuwa. Ɗinkin dai ba ta fasa ba, don yatsunta sun san hanya, sai dai zura zare ya koma hannun mijinta. Abin da ya fi tsorata ta shi ne kada yanar ta rufe kafin ta sake ganin fuskar Auta. Ta gargaɗi mijin kada ya kuskura ya gaya wa yarinyar, ita ba ta son a zo mata don tausayi.

Baban Auta tsohon direban bas ne da ya ajiye tuƙi. Mutum ne mai sanyi, maganarsa kaɗan, amma kunnensa ba ya barci. Yadda a da yake gane ciwon inji daga ƙara, haka yake gane aikin matarsa daga kan tabarmarsa a tsakar gida. Ya san dogon gudu na bakin igiya, ya san gajerun tsalle-tsallen kulle. Shi ne ran nan ya ce zai je ya dubo 'yarsa, tunda shi ba wanda ya kafa wa sharaɗi.

Tun da ya faɗi haka wata dabara ta shiga kan Inna ta ƙi fita. Za ta ɗinka wa Auta sabuwar jaka, mai kyan da dole ta ajiye tsohuwar ta koma ratayar wannan. Igiyar kuwa za ta yi ta fanko, ba bel a ciki, sai 'yar auduga don ta yi kumari. Wajen zobe layi ɗaya kawai za ta bi. Kafin damina ta wuce sai ta tsinke. Ba ita ce igiyar da aka yi magana a kanta ba, gaskiya ne, amma igiya ai igiya ce, kuma Inna ta san in Auta na neman ƙofa za ta gane an buɗe mata.

Ta samo yadi shuɗi mai duhu, ta auna da tsohon ƙullin Auta da har yanzu yake jikin zaren awo, don ba ta taɓa kwance shi ba. Jikin jakar bai ba ta wahala ba. Igiyar ce ta zame mata aiki. Sau biyu tana tsintar hannunta ya kai bayan ƙofa ya jawo bel, sai ta mayar. Da ta zo zobe ƙafarta ta so ta juya kwana da kanta, sai da ta riƙe kan keken da hannu ta tsayar da shi, ta datse zare.

Daga tsakar gida muryar mijinta ta iso.

“Yau keken naki gajeren zance ya yi.”

“Na gama ne.”

“Ban ji kulle ba.”

“Kunnenka ne ya tsufa, Malam.”

“Ƙila,” in ji shi, ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

Ta naɗe jakar a leda ta tura cikin akwatin tafiyarsa, can ƙasa, ƙarƙashin riguna. Ranar ta wuni da wani irin daɗi mai haɗe da faɗuwar gaba. Har ta fara tunanin wane labule za ta canza a ɗakin Auta.

Ana gobe tafiyar, da yamma, wata mata ta yi sallama tana ɗingishi. Malamar makaranta ce, tsohuwar mai kawo gyara. Ta zube jaka a kan tebur, igiyar na reto ta gefe ɗaya, ta zauna tana haki.

“Inna, yau Allah ne ya yi da sauran kwanana. Ina saukowa daga bas ke nan igiyar ta ɓalle, takardun yara suka tarwatse a titi. Ni kuma ban yi tunani ba na sunkuya ina tsinta. Wallahi iskar babur ɗin sai da ta ɗage min mayafi. Kin ga gwiwata.”

Irin wannan labarin Inna ta ji shi ya fi a ƙirga, kuma kullum amsarta ɗaya ce, da miyau suka liƙa. Yau kuwa sai ta jawo jakar gabanta. Ta shafa inda igiyar ta rabu da zobe, layi ɗaya ne tak, irin wanda ta yi jiya da hannunta. Matar na ta magana, ita kuwa Auta take gani a sunkuye tsakiyar titin da ba ta sani ba, a garin da ba mai cewa 'yar wance ce, tana tsintar kayanta a gaban motoci.

Matar na fita Inna ta shiga ɗaki ta zazzage akwatin mijinta a kan gado. Ta dawo da jakar bakin taga inda sauran hasken rana yake, ta ɗauki reza ta shiga farke ɗinkin. Tun da take ba ta taɓa farke aikinta ba, don ba ta taɓa yin wanda ke bukatar farkewa ba. Ga ido ba ya gani sosai, rezar ta zame ta yanke ta a yatsa. Ta tsotse jinin ta ci gaba. Ta zare audugar ta yar, ta jawo bel biyu daga bayan ƙofa.

Ba ta ji shigowar Baban Auta ba, sai ganin hannunsa ta yi ya karɓi bakin zaren ya zura a allura. Ya tsaya a jikin ƙofa har ta bi baki biyun, ta zo zobe, keken ya shiga gajerun tsallensa, ya juya, ya gitta, ya maimaita.

“Yanzu na ji,” in ji shi.

Inna ta ɗora jakar a cinya ta ja igiyar da dukkan ƙarfinta. Ko gezau.

“Sun zama biyu ke nan,” ta ce. “Ko jikokinta ba za su tsinka su ba.”

Sai ta kifa kai a kan keken ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Ta san da hannunta ta sake rufe ƙofar, kuma ta san ko sau nawa aka maimaita haka za ta yi.

Baban Auta ya tafi, ya yi kwanakinsa, ya dawo shi kaɗai. Inna ta san shi kaɗai zai dawo, amma duk da haka sai da ta leƙa bayansa. Ta bari ya huta ya sha ruwa, sannan ta tambaya kamar ba ta damu ba.

“Ta karɓa?”

“Ta karɓa.”

“Me ta ce?”

Ya sosa gemu. “Ta ce ta gode. Sai ta kai igiyar bakin taga tana dubawa. Ta ce ga tsofaffin ramukan allura nan a gefen sababbi, ga kuma ɗigon jini. Ta ce, ‘Baba, Inna ba ta farke ɗinki. Me ya faru?’”

Inna ta manta cewa yarinyar da ta raina aikin ita ce kuma ta fi kowa saninsa.

“Kai kuma ka ce me?”

“An tambaye ni, na faɗa.”

“Duka?”

“Har da audugar.”

“Idon fa?”

“Wannan kin ce kada in faɗa, ban faɗa ba. Ita ce dai ta tambayi wa ke zura miki zare yanzu, tunda ta ga layin ya ɗan karkace.”

“Kai dai, Malam, ba a ba ka ajiyar magana!”

Kunya ta rufe ta, har da haushi. Yanzu Auta ta san uwarta ta zauna ta ƙulla mata tarko kamar wata ƙaramar yarinya. Mako ya wuce wayar ba ta yi ƙara ba, wani makon ya bi bayansa. Inna ta daina tambaya. Ta cire ƙullin Auta daga zuciyarta ta mayar, ta cire ta mayar, amma na jikin zaren awo ko taɓa shi ba ta yi ba.

Wata rana da hantsi tana kan keke, ƙofar ɗakin ta yi duhu. Wata ce tsaye, doguwa, hasken titi a bayanta, fuskar ba ta fito wa Inna ba. Ta yi sallama ƙasa-ƙasa. Ƙafar Inna ta tsaya cak a kan abin takawa, don murya ba ta yana.

“Inna, ina kwana.”

“Lafiya lau.”

“Gyara na kawo. Ta tsinke.”

Ta ajiye jakar a kan tebur, tsohuwar, ruwan ƙasa, duk ta koɗe a kusurwoyi. Inna ta jawo ta, ta bi igiyar da yatsu tun daga zobe. Kullen na nan daram kamar jiya aka yi shi. Can tsakiya ne igiyar ta rabu biyu. Inna ta shafa bakin. Igiyar da ta tsinke takan yi gashi-gashi, zare ya mimmiƙe. Wannan kuwa tsaga-tsaga ce, an ciza nan an saki, an koma can an ciza, aikin almakashi marar kaifi a hannun wadda ta daɗe tana fama da bel biyu.

Ta miƙa hannu kamar za ta gyara zaman jakar, ta kamo hannun Auta. A gindin babban yatsa ga ƙullutun ruwa nan ya fashe ya fara bushewa.

Inna ta riƙe hannun ta ƙi saki. Ta ja ɗan tsakinta na kullum.

“Ai dama na san ba za ta daɗe ba. Aikin gaggawa ne.”

“Haka ne, Inna.”

“Matso in auna ki.”

Tsohon ƙullin na nan a jikin zare, su biyun duk sun san da shi, ba wadda ta ambata. Auta ta matso. Inna ta miƙe ta ɗora zaren a kafaɗarta, kuma a wannan kusancin fuskar ta fito mata sarai, ta ɗan rame, idanun sun yi ja, hancin babanta na nan yadda ta bar shi. Ta gitto zaren zuwa ƙugu, ta ce bai zauna ba, ta sake. Ta ce Auta ta karkace, ta sake. A tsakar gida Baban Auta ya yi gyaran murya ya ƙara wa rediyonsa sauti.

Da ta ga awon ba zai ƙara jawuwa ba, sai ta koma ta zauna, ta goge ido da bakin mayafi.

“Sai dai fa ba yau ba. Ba ni da zare kalar nan, sai an nemo. Zai ɗau kwanaki.”

Auta ta dubi katakon. Ga zaren nan ruwan ƙasa, sabo fil, a gaba-gaba kusa da gwangwanin zobba, inda ko makaho zai laluba ya samu. Ta sa hannu a hankali ta ɗauke shi, ta jefa a aljihun rigarta.

“Babu kam, Inna. Na duba,” ta ce. Sannan ta jona dutsen guga, ta jawo yadin da ke kan tebur ta fara ninko gefensa zuwa tsakiya.